An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Labarin Jijjigar Fijon Babana

Duk wanda ya taso a unguwarmu a Tambuwal ya san ƙarar motar babana tun kafin ya hango ta. Peugeot 504 ce a-kori-kura, wadda muke cewa Fijo, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a kamfanin PAN na Kaduna. A 1968 aka fara fito da 504 a Faransa, Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma ba ta saki 504 ba sai a 2006, bayan masu ita na asali sun daɗe da mantawa da ita. Tamu fara ce a da, yanzu launinta ya koma na ƙurar hanyar Kebbe. Ta girme ni. Da ita aka kawo akwatina da katifata makarantar nan ranar da na zo rajistar ND I, kuma daga bayanta kuɗin rajistar ya fito: gero da dawa da wake daga ƙauyukan Kebbe, albasa daga wajen Aliero, wani lokaci har raguna idan layya ta matso.

Shekara biyu da suka wuce injinta ya gaji. Shan baƙin mai yake kamar kunu, hayaƙi kuwa sai ka ce ana ƙona bola. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 Baba ya ce ba zai iya ciyar da injin da ke cin riba ba. Aka sayo masa injin Toyota ɗan Kwatano tare da giyabos ɗinsa mai giya biyar daga Ƙofar Ruwa a Kano, aka ɗora. Da yake giyabos ɗin da aksul ɗin baya ba 'yan gida ɗaya ba ne, sai aka kai farfela, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, wurin wani mai walda. Ya yanka biyu, ya haɗa gaban ta Toyota da bayan ta Fijo. Baba ya ga mota ta samu ƙarfi, shi ma ya sa aka ƙara ganye uku-uku a sifirin ɗin baya don ta ƙara ɗaukar kaya. Motar ta ɗaga baya kamar zakara zai yi cara.

A cikin gari ba ta da laifi. A burji ma, inda gargada ke girgiza kowa, ba mai lura da komai. Amma da an hau kwaltar Sakkwato aka wuce gudun kilomita 80, sai wani ƙugi ya taso daga ƙarƙashin kujera, ya bi ƙashin bayanka ya hau har haƙora. Madubi ya daina nuna komai sai hazo. Sandar giya ta riƙa makyarkyata kamar mai masassara. Idan an rage gudu sai abin ya lafa. Wani abin mamaki, idan ta ɗauko kaya jijjigar takan yi sauƙi, idan kuma wayam take dawowa sai ta fi tsanani.

Wani zai ce to ai sai ya riƙa tafiya a hankali. Haka Baba ya yi. Amma mai dakon kaya da lokaci yake ciniki. Sahu biyu da yake yi a rana ya koma ɗaya, kuma a yadda hanyoyinmu suke yanzu ba direban da ke son magariba ta riske shi a daji. Wani ɗan kasuwa da suka shekara goma tare ya fara ba wata motar lodinsa. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi albasa ba ta jira.

A nan ni kuma na shigo da ƙafar hagu. Na dawo hutun ƙarshen ND I, kaina cike da lakca, 'yan unguwa har sun fara kirana Injiniya, ni kuma ban hana ba. Na shiga motar sau ɗaya, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, na sauko na ce wa Baba, ba ko shakka a muryata, “Baba, tayoyi ne. Ba su da balansin, na bayan ma sun kumbura.” Ni ɗan fari ne, Baba ba ya kama sunana, ba ya kuma yawan kallon idona. Ranar ya dube ni ya ce, “Ka tabbata?” Na ce na tabbata.

Ya sayi tayoyi biyu, aka yi wa duka huɗun balansin a Sakkwato. Abin ya ci masa kuɗin da daga baya na ji Inna na cewa na takin damina ne. Muka kamo hanyar gida, muna wuce Bodinga ya taka totur. Ƙugin nan ya taso yadda yake, ko ƙwayar gero bai ragu ba. Baba bai ce uffan ba har muka iso gida. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Daga ranar, idan ana zancen motar a zaure na shigo, sai a koma zancen farashin taki.

Bayan na koma makaranta an kai ta gareji biyu. Na farko ya ce shokazoba ce, aka canja. Na biyu ya leƙa ƙasa ya ce kuros ɗin farfela na baya ya mutu, kuma gaskiya ya faɗa, don da aka kwance an tarar alluran cikinsa sun zama gari. Aka sa sabo. Jijjigar ta ɗan ja baya, ba a yi wata uku ba sabon ma ya fara ƙara. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ke kashe kuros ɗin.

Ni ma ban tambaya ba, sai da muka shiga ND II. Wata rana a aji malaminmu yana bayani a kan girgizar injina, ya ce duk abin da ke juyawa, idan yana da laifi, da saurin juyinsa yake kai ƙara. In ka ƙirga sau nawa abu ke girgiza a daƙiƙa ɗaya, ka kama hanyar gano mai laifin. Rabin aji na danna waya, ni kuwa sai na ji kamar da ni yake. Da dare a hostal na ɗauko takarda na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin in buɗe baki a gaban Baba.

Ga yadda yake. Zagayen tayar motar ya ɗan haura mita biyu. Gudun kilomita 90 a awa daidai yake da mita 25 a daƙiƙa. Ke nan taya na juyawa kusan sau 12 a daƙiƙa. Ita kuwa farfela ta fi taya sauri, don haƙoran cikin aksul suna rage juyinta kafin ya kai ga taya. Da na koma gida hutu na auna da kaina: na ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak, giya na firi, na yi wa farfela alama da alli, na juya tayar zagaye biyu cif, na ƙirga farfela ta yi huɗu da ɗan ɗoriya. Saboda haka a gudun 90 farfela na yin wajen zagaye 50 a daƙiƙa, wato kusan 3,000 a minti. Jijjigar taya ita ce wadda za ka ji tana kaɗa ka, ɗaya bayan ɗaya, ta sa sitiyari rawa a hannu. Wadda ta kai sau 50 ba ta ƙirguwa a jiki, ƙugi ne da zuzu, ita ce ke dusar da madubi. Tun ranar farko motar ta gaya mini ba taya ba ce. Ni ne ban saurara ba.

Ban tunkari Baba kai tsaye ba, ba ni da fuskar yin haka. Direbansa na lallaɓa, wani ƙanen abokinsa da ke karɓarsa tuƙi, muka fita da sassafe mota wayam. Gwaji uku muka yi. Na farko, a tsaye, giya na firi, ya taka totur injin ya yi ta ihu: babu jijjiga. Na biyu, a kan hanya, muka riƙe gudun 90 a giya ta huɗu, sannan a ta biyar. Saurin injin ya canja, ƙugin bai canja ba. Na uku, muna cikin gudun a miƙaƙƙiyar hanya ba kowa, ya sa ta a firi na ɗan lokaci, injin ya koma silo: ƙugin ya ɗan sassauta amma bai tafi ba, sai da gudun ya sauko. Injin da kuloci sun fita daga zargi. Abin yana bin gudun mota ne, ba gudun injin ba.

Sai na kawo shaidar ƙarshe. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta yi don ɗalibai. Tana amfani da na'urar jin motsi da ke cikin waya ta nuna maka sau nawa abu ke girgiza. Na ɗaure wayata da roba a dandaɓen motar kusa da sandar giya. Gudun kuma da GPS na wata wayar muka auna, don tun da aka canja giyabos agogon gudun motar ƙarya yake yi. A gudun 70 layin ya yi tsini a wajen 40. A gudun 90 ya koma wajen 50. Wurin 12, inda taya za ta nuna kanta, kusan shafe yake.

Da dare na samu Baba bayan isha'i na zauna daga gefen tabarma na ce, “Baba, farfela ce.” Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, “Wancan karon ma ka tabbata.” Na ce, “Wancan karon cewa na yi. Wannan karon aunawa na yi.” Ya ce shi ba ya da sauran kuɗin gwaji, amma jibi zai kai kaya Kebbe, in ina so in bi shi mu nuna wa kawuna. In Kawu ya yarda, shi ma ya yarda.

Kawu yayan Inna ne. Ya yi kanikanci fiye da shekara talatin, yawanci a kan Fijo, kafin ciwon baya ya mayar da shi gona. Bai yi boko ba, amma har yau direbobi na tsayawa ƙofar gidansa su tayar da mota ya saurara. Muka same shi a gindin darbejiya. Bayan gaisuwa na fito da waya zan nuna masa layuka, ya ɗaga mini hannu.

“Aje wagga, Injiniya. Hwaɗa min da baki. In tana da kaya, mi taka yi?”

Na ce, “Takan yi sauƙi, Kawu.”

“In babu kaya fa?”

“Sai ta fi.”

Ya juya wurin Baba. “Kuros nawa kunka sa?”

Baba ya ce biyu.

Kawu ya yi dariya. “To ai yaron ga ya yi gaskiya. Ba taya ba ta. Taya ba ta cin kuros. Ku anka bar jaki kuna ta bugun taiki.”

Ban taɓa jin daɗin karin magana kamar na ranar ba, duk da cewa ni ne na fara ɗaukar sandar dukan taikin.

Ya sa aka sa weji a tayoyin gaba, aka ɗaga bayan motar aka tokare aksul da kututture biyu masu ƙarfi, don ya ce shi ba ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ya ga abin da hakan ya yi wa wani. Injin a kashe. Ya ce in riƙa juya taya da hannu, shi kuma ya kwanta ya kafa hannunsa a jikin shasi, ya matso da alli a hankali har ya fara shafar farfela kusa da wurin waldar. Da muka duba, allin bai zagaye ta ba. Gefe ɗaya kawai ya shafa, ɗayan gefen ko taɓawa bai yi ba. Ya ce, “Ka gani? Ba ta bisa tsakiya. Gurguwa ta.”

Sannan ya yi wa bakin farfela da bakin aksul alama don a mayar yadda aka cire, muka kwance notuna huɗu muka zaro ta. Ya fitar da kuros ɗin duka biyu, ya kwantar da ita a kan siminti, ya samo rodi biyu miƙaƙƙu ya zura ɗaya a kunnuwan gaba, ɗaya a na baya. Ya ce in tsuguna daga ƙarshe in hanga. Rodin gaba na kwance, na baya ya ɗaga kai ɗaya sama. Da na ɗora waya na auna, bambancin ya kai digiri 20. Kawu ya ce, “Kunnuwan ga biyu dole su dubi wuri guda. In ɗaya na duban gabas ɗaya na duban kudu, hwaɗa za su yi, kuma kuros ka shan wahala.”

Abin da Kawu ya faɗa da kalma goma, shi ne muka cika shafi uku da shi a aji. Kuros, wanda littattafanmu ke jingina wa Cardano na Italiya a ƙarni na 16 da Robert Hooke na Ingila a ƙarni na 17, yana da wani hali. Idan yana aiki a karkace, ko da juyin da ke shigarsa daidai yake, wanda ke fita ba daidai yake ba: yakan yi sauri ya rage, sau biyu a kowane zagaye. A karkatar digiri 3 abin bai kai a damu ba. A digiri 8 kuwa, farfelar da ke yin 3,000 a minti za ta riƙa hawa da kusan 30 tana sauka da kusan 30, sau ɗari a kowace daƙiƙa. Dalilin sa kuros biyu ke nan, na baya ya warware abin da na gaba ya ƙulla. Amma ba zai warware ba sai da sharaɗi biyu: kunnuwan farfela na gaba da na baya su zama a layi ɗaya, kuma karkatar gaba da ta baya su zo kusan daidai. Mai waldarmu ya karya na farko.

Na biyun kuma mu da kanmu muka karya shi da ƙarin ganyen sifirin. Nan ne wayata ta yi rana. Da muka mayar da farfela muka sauke motar a wuri mai lebur, na auna karkatar giyabos, da ta farfela, da ta bakin aksul. Kuros na gaba na aiki a digiri 5, na baya a digiri 8. Abin da masu ƙera farfela ke so shi ne kowanne ya tsaya wajen digiri 3, kuma tazararsu kada ta wuce digiri ɗaya. Shi ya sa na baya ne kullum ke mutuwa. Shi ya sa kuma kaya ke kawo sauƙi: nauyi na danne bayan motar, farfela ta ɗan miƙe, karkatar duka biyu ta ragu. Kawu ya karɓi wayar ya jujjuya ta, ya ce, “Ashe abin ga na da amfani ban da kallon 'yan rawa.”

Saura tambayar da Baba ya yi, wadda ita ce tambayar kowa: in farfela gurguwa ce, me ya sa ba ta ɗingishi a cikin gari? Amsar ita ce ƙarfin da abu marar daidaito ke fizga da shi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In ka ninka gudu biyu, shi ninkuwa huɗu yake yi. Farfelarmu ta kai kilo 8. In tsakiyar nauyinta ta goce da rabin milimita kacal, a zagaye 50 a daƙiƙa tana fizga da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 40, tana wurga shi sama, gefe, ƙasa, gefe. A gudun 45 kilo 10 ne kawai, a gudun cikin kasuwa kuwa ba ka ma ji. Na ce wa Baba ya ɗauka kusan buhun siminti ne aka ɗaure a ƙarƙashin kujerarsa ana wulwula shi. Kawu ya ƙara da abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Ya ce in kuros na gaba ya tsinke ana cikin gudu, kan farfela ƙasa zai faɗi ya caki kwalta, sai ya cilla bayan mota sama. Ya ce ya taɓa zuwa janyo wadda hakan ta samu, bai ƙarasa labarin ba.

Gardamar da ta fi tsawo a kan sifirin aka yi ta. Kawu ya ce a cire ganye biyu-biyu cikin ukun da aka ƙara. Baba ya ce buhu huɗu ke nan za a rage masa a kowane sahu. Kawu ya ce, “Buhu huɗu da sahu guda, wane yaf fi? Kuma kuros nawa za ka saye kahin shekara?” Ni dai na yi shiru, don ba a shiga tsakanin suruki da suruki. Da la'asar Baba ya ce a cire.

Mako na gaba na ɗauki farfela a motar haya zuwa Sakkwato, wurin wani mai injin juya ƙarfe, irin wanda ke wokshop ɗinmu. Ya ɗora ta ya sa agogon awo: allurar ta yi lilo har milimita biyu a kusa da tsohuwar waldar, wato ta goce daga tsakiya da milimita guda a wurin. Ya yanke waldar, ya fere bakin bututun ya zauna daidai, ya juya kunnuwan suka dawo layi ɗaya, ya ɗiga walda a wuri huɗu, ya sake aunawa, ya ɗan bubbuga, sannan ya zagaye ta. Da ta huce lilon allurar bai kai rabin milimita ba. Muka sa sababbin kuros biyu muka cika su da giris. Na tsaya a kansa tun daga farko har ƙarshe, kuma na koyi abin da ban koya ba a wata huɗun da na yi a SIWES ina share gareji.

A gida muka cire ganyen sifirin, farfela ta sauko, karkatar ta koma 3 a gaba, 6 a baya. Sai aka fere mana ƙarfe biyu masu siffar bakin gatari, na digiri 2, muka sa tsakanin sifirin da aksul, bakin aksul ya ɗan ɗaga kai. Ta koma 3 da 4. Kawu ya ce a bar ta haka, don in mota na ja bakin aksul kan ƙara ɗagowa da kansa. Muka tabbatar bakin farfela da ke shiga giyabos yana da wurin shiga da fita in sifirin ya motsa. Ya kuma sa aka lanƙwasa wani faffaɗan ƙarfe aka ɗaure a shasi ya zagaye gaban farfela ba tare da ya taɓa ta ba, ko da wata rana kuros ya tsinke, ta faɗa a kansa maimakon kwalta.

Da muka gwada, kashi mafi yawa na ƙugin ya tafi, saura ɗan zuzu a gudun 90. Ba mu da injin balansin farfela a kusa, sai Kawu ya kawo dabarar tsofaffin kanikawa: kilif ɗin tiyo. Muka raba zagayen farfela gida huɗu da alli, muka ɗaura kilif ɗaya kansa na kan lamba ta ɗaya, muka fita muka auna da waya, muka dawo muka matsar da shi lamba ta biyu, haka har huɗu. A ta uku tsinin layin ya fi sauka. Muka ƙara kilif na biyu a wurin, ya yi yawa, sai muka riƙa raba kawunansu kaɗan-kaɗan, ɗaya hagu ɗaya dama, har layin ya kwanta. Yini guda muka yi, da fetur ɗin da Baba ya riƙa ƙirgawa da ido.

'Yan uwana ɗalibai, musamman na sashenmu, ban rubuta wannan don in ce na iya ba. Kun dai ji yadda na fara. Abin da nake so mu ɗauka shi ne, yawancin motocin da ke ɗauke da abincin jihar nan an taɓa su: injin wata, giyabos ɗin wata, farfela haɗin gambiza. Ba laifi ba ne, talauci da dabara ne suka haɗu. Amma duk wanda ya canja abu ɗaya ya taɓa lissafin abu uku, kuma ba kasafai ake komawa a duba ba. In aka kawo muku mota mai jijjiga, kafin ku sa mutum ya sayi ko da noti, ku tambaya: a wane gudu take farawa, a sitiyari ake ji ko a kujera, tana bin injin ko tana bin hanya, kaya na canja ta ko ba ya canjawa, kuma me aka taɓa kafin ta fara. Ku ƙirga, ku auna. Kuma ku nemi irin su Kawu tun suna raye. Shi ya ga karkatar kunnuwa da rodi biyu, abin da wayata ba za ta taɓa nuna mini ba. Ni kuma na ba shi lambar digirin da idonsa ba ya iya karantawa.

Ranar da zan dawo makaranta Baba ya ce in bar kuɗin mota, yana da kaya zuwa Sakkwato. Muka fito bayan asuba. Muna wuce Dogon Daji ya taka ta, na ga GPS ya nuna 90, ya wuce. Ya ɗaga ido ya dubi madubi, ga wata tirela can baya ana ganin ta tar, har rubutun goshinta. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Sai da ya sauke ni a bakin get, na sunkuya ina yi masa sallama, ya zaro kuɗin rajista daga aljihun gaba ya miƙo mini, yana kallon sitiyari. Ya ce, “In ka samu hutu ka zo da wayar nan taka. Motar maƙwabcinmu ma tana wani ƙugi, na ce masa kada ya sayi komai sai ka duba.”